Shin takin zamani yana kashe ƙasa? Abin da ke gudana tsakanin saiwa da ƙananan halittun gona

Tambaya: "Ina noman masara da dawa da wake. Dattawan garinmu suna cewa takin zamani yana kashe ƙasa, kuma gonar da ta saba da shi ba ta ƙara yin abin kirki in babu shi. Bara na zuba wa wakena ragowar yuriyar masara, ya yi ganye shar, amma 'ya'ya kaɗan. Gonar dawata kuwa, wadda ba na samun halin sa mata taki, ita ce wuta-wuta ta cinye. To wanne zan kama?"

Amsa: Malam, ka lura da gonakinka da kyau, kuma abubuwa ukun nan da ka lissafa ba sa karo da juna. Maganar dattawa, da ganyen wakenka, da wuta-wutar gonar dawa, duk tushensu ɗaya, yana can ƙarƙashin ƙasa inda ba mu cika leƙawa ba.

Idan damina ta yi tsaka, je ka tuge dawa guda ɗaya a hankali, ka kaɗe ta. Yawancin ƙasar za ta zube, amma za ka ga wata ta manne wa saiwa kamar an shafa mata ƙaro. Wannan 'yar ƙasar da ta ƙi zubewa ta fi ko'ina cunkoso a gonarka. Dalili kuwa, saiwa ba shan ruwa da abinci kaɗai take yi ba, tana kuma tsattsafo da sukari, da wasu sinadarai masu tsami-tsami, da wani yauƙi, ga ɓawonta da ke saɓulewa yayin da take kutsawa cikin ƙasa. A kan wannan abinci ne ƙananan halittun da ido ba ya gani suke yin dandazo: bakteriya, da dangin funfuna da laimar kwaɗi, da masu cin su. Wani masani Bajamushe, Lorenz Hiltner, shi ya fara ware wannan wuri ya ba shi suna a 1904, kuma tun daga lokacin ake ta bincike a kansa. Abin da shuka ke zubarwa a nan ba ƙarami ba ne, wani lokaci yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na abincin da ganye ya haɗa da hasken rana.

Shuka ba ta yin wannan ɗawainiya a banza. Ciniki take yi, cuɗe ni in cuɗe ka: ta ba da sukari, a kawo mata abin da saiwarta ba ta iya samowa da kanta. Kuma ga ƙa'idar da nake so ka riƙe, domin ita ce amsar tambayarka gaba ɗaya: shuka ba ta sayen abin da take da shi a hannu. Duk ranar da ka zuba taki, ka canza farashi a wannan kasuwa.

Mu fara da wakenka. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma babu shukar da ke iya cin sa kai tsaye daga iska. Wake da gyaɗa da waken suya da gujiya sun sami mafita ta hanyar wata bakteriya da ake kira raizobiyam. Idan saiwar wake ta ji ƙarancin naitirojin, sai ta saki wani sinadari na kira. Bakteriyar ta amsa da nata sinadarin, gashin saiwa ya lanƙwashe ya rungume ta, ta bi ta ciki ta shige, shuka ta gina mata ɗaki. Ɗakunan su ne 'yan ƙululun nan da kake gani jere a saiwar wake da gyaɗa, waɗanda wasu manoma ke ɗauka cuta ce. Tun a shekarun 1880 masana biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka tabbatar a Jamus cewa a cikinsu ake mayar da iska abincin shuka.

Aikin yana da tsada ƙwarai. Sai shuka ta yi ta tura sukari babu ƙaƙƙautawa, ta kuma tsare ɗakin daga yawan iskar oksijin, domin oksijin yana lalata sinadarin da ke yin aikin. Saboda haka wake yana da lissafi. Da ka watsa masa yuriya, ƙasa ta cika da naitirojin na kyauta, sai ya rage kira, ya daina gina sababbin ɗakuna, waɗanda ya riga ya gina ma ya rage musu abinci. Ga kuma halin wakenmu na gida mai yaɗo: in ya sami naitirojin da yawa sai ya zarce da yin ganye da yaɗo, fure ya yi jinkiri. Ka biya kuɗi ka sayi abin da wake zai samo maka da kansa, ribar kuma ta tafi a harawa.

Gani ya kori ji. Bana, idan wake ya yi mako biyar zuwa shida, ka haƙo tushe ɗaya da fartanya, kada ka fizge, don ƙululun suna tsinkewa. Wanke saiwar a ruwa, ka sa farce ka fasa ƙululu guda. In ka ga cikinsa ja-ja kamar tsokar nama, yana aiki. Wannan launi na wani sinadari ne ɗan'uwan wanda ke sa jininmu ja. In ka gan shi fari, bai fara aiki ba ko kuma ba zai yi ba. In kore ne ko ya yi baƙi-baƙi, ya tsufa ya ajiye aiki. Ba na gajiya da nuna wa manoma wannan, domin mutumin da ya taɓa fasa ƙululu ya ga jan nan da idonsa ba ya ƙara watsa wa wake yuriya.

Abin da wake da danginsa ke nema da gaske shi ne fosfaras, kuma ƙasar yankinmu tana da ƙarancinsa sosai. Ba tare da shi ba ƙululu ba sa girma, ba sa aiki. Takin sufa shi ne abokin wake, ga shi yana ɗauke da salfa da kalsiyam da gyaɗa ke so. Inda ƙasa ta gaji ƙwarai, ɗan naitirojin kaɗan a lokacin shuka, kamar kilo 15 zuwa 20 a hekta, yana riƙe tsiro kafin ƙululu su kankama. Buhu biyu na kamfa mai lamba 15:15:15 suna ba da kilo 15, ka ga ya wadatar, sai a cike da sufa. Waken suya yana da nasa zaɓen, ba kowace bakteriya yake karɓa ba. Wannan ya sa cibiyar binciken noma ta IITA ta fitar da irin TGx masu karɓar bakteriyar ƙasarmu, ta kuma yi garin bakteriya mai suna NoduMax da ake cuɗa iri da shi kafin shuka. Gwaje-gwajen shirin N2Africa a gonakin manoma a arewacin Najeriya sun nuna cewa haɗa garin da fosfaras ya fi kowannensu shi kaɗai. Ƙasar Birazil, wadda ke kan gaba a noman waken suya a duniya, kusan ba ta sa masa takin naitirojin, da bakteriya take aiki, kuma masaniyarsu Mariangela Hungria ta sami Kyautar Abinci ta Duniya a 2025 a kan wannan fage.

Masara da dawa da gero ba su da irin waɗannan ɗakuna, dole a ba su naitirojin. Amma suna da wani abokin ciniki, wanda wake ma yana da shi: wata funfuna da ake kira maikoraiza. Fosfaras ba ya tafiya a cikin ƙasa, yana maƙale wa ƙarfe da laka. Saiwa takan shanye wanda ke daf da ita, milimita ɗaya ko biyu, sai ta zauna cikin yunwa alhali abinci yana nan kusa. Funfunar tana shiga cikin saiwa, sannan ta miƙa zarurrukanta, waɗanda suka fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, su ratsa 'yan kafofin da saiwa ba ta iya shiga, su jawo fosfaras da zinki su kai mata, ita kuma ta biya da sukari da mai. Zarurrukan nan suna kuma ɗaure ƙwayoyin ƙasa su zama 'yan dunƙule-dunƙule, abin da ke sa ƙasa ta yi laushi ta riƙe ruwa. Mafi yawan shuke-shuken duniya suna wannan hulɗa. Rogo da albasa sun dogara da ita ƙwarai, kabeji kuwa ba ya yin ta sam.

Nan ma ƙa'idar ɗaya ce. In fosfaras ya yi yawa a ƙasa, shuka takan rufe ƙofa. Wata masaniya a Amurka, Kathleen Treseder, ta tattara gwaje-gwaje masu yawa a 2004, ta ga takin fosfaras yana rage yawan maikoraiza da kusan kashi 32 cikin 100, na naitirojin kuma da kusan kashi 15. Sai dai kada wannan ya tsorata ka. A ƙasar da ta tsotse ƙwarai, shukar da ke fama da kanta ba ta da sukarin da za ta ciyar da kowa, ɗan fosfaras daidai gwargwado yana ƙarfafa ta ne ita da funfunar baki ɗaya. Yawaitawa ce ke raba su.

Yanzu ga gonar dawarka, kuma wannan shi ne ɓangaren da ya fi burge ni a duk ilimin nan. Irin wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, ƙanana ne kamar ƙura. Tushe ɗaya yana zubar da dubun dubatarsu, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 suna jira. Ba sa tsirowa don ruwa ya sauka kawai, domin guzurinsu na 'yan kwanaki ne. In suka tsiro babu saiwar da za su kama, sun mutu. Sai sun ji ƙanshin wani sinadari da saiwa ke fitarwa. An fara gano wannan sinadari a saiwar auduga a Amurka a 1966. Daga nan masana suka yi kusan shekara 40 suna mamakin abu guda: me zai sa shuka ta riƙa fitar da abin da ke tayar da maƙiyinta daga barci?

A 2005 wani masani a Japan, Kohki Akiyama, da abokan aikinsa suka warware matsalar. Kiran ba na wuta-wuta ba ne, na maikoraiza ne. Shuka mai jin yunwar fosfaras tana kiran funfuna ta zo ta taimake ta, wuta-wuta kuma ta koyi sauraron wannan kira. Bayan shekara biyu wasu masanan Japan suka nuna cewa dawa tana ƙara yawan sinadarin sosai idan ta rasa fosfaras ko naitirojin. Ka ga ke nan abin da kakanninmu suka daɗe da sani, cewa wuta-wuta ciyawar gajiyayyiyar gona ce, ga dalilinsa. Dawarka tana kukan yunwa ne a ƙarƙashin ƙasa, gwargwadon ƙarfin kukan gwargwadon irin wuta-wutar da ke farkawa. Kuma kafin ka ga furen nan nata mai ruwan hoda a sama, ta riga ta yi makonni tana tsotsar dawar a ƙasa. In dawa ta ƙoshi, kiran yana raguwa. In funfunar ta riga ta shiga saiwa ma yana raguwa, an gwada haka a gonakin dawa a arewacin Kamaru aka ga wuta-wuta ta yi sauƙi. Wannan ne ya sa ba na yarda da mai cewa a bar gona babu taki don a kare halittun ƙasa. Yunwa ma tana ɓata cinikin, kuma a yankinmu ita ta fi yin ɓarna.

To ina gaskiyar dattawa? Suna da ita, amma ba a inda aka fi zato ba. Takin zamani ba guba ba ne ga ƙananan halittu. A 2014 Geisseler da Scow na jami'ar Kalifoniya sun duba gwaje-gwajen gonaki masu dogon zango daga sassan duniya, suka ga a matsakaici gonakin da ake sa wa takin zamani sun fi waɗanda ba a sa wa yawan halittun ƙasa da kusan kashi 15 cikin 100. Dalilin a fili yake: shuka mai ƙoshi ta fi yawan saiwa da ganye da kara, kuma su ne abincin halittun. Inda aka ga raguwa shi ne inda ƙasa ta yi tsami.

Tsamin nan shi ne ainihin abin da dattawa ke gani. Yuriya, wadda kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, ba ta shiga saiwa yadda ka zuba ta. Halittun ƙasa ne ke fasa ta ta zama amoniya, wasu bakteriya kuma su juya wannan ta zama naitiret, kuma a wannan juyi ne ake sakin tsami. Naitiret ba ya zama, in an yi ruwa mai ƙarfi sai ya zurare ƙasa, ya tafi da kalsiyam da maganiziyam. Shekara ɗaya ba za ka ga komai ba. Amma ƙasar jigawa ba ta da laka ko ruɓaɓɓen ganye mai yawa da zai shanye tsamin, don haka in aka yi shekaru ana zuba yuriya zalla, ma'aunin tsami na pH, wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru, yakan sauka ƙasa da 5.5. A nan alminiyam da ke cikin ƙasa yake narkewa ya ƙone bakin saiwa, saiwa ta gajarce ta yi kauri, raizobiyam ya ragu, fosfaras ya ƙara maƙalewa. Takin salfet na amoniya ya fi yuriya saurin kawo wannan har kusan ninki uku.

Ba a nesa aka gano haka ba. A Samaru ta Zariya, tun 1950 aka kafa wani gwaji da ake sa wa wasu fuloti kashin shanu, wasu takin zamani, wasu duka biyun, wasu ba komai, shekara da shekaru. Fulotan da suka sha naitirojin zalla sun yi tsami, waɗanda ke samun kashin shanu kuma suka fi riƙe ƙarfinsu. A Saria ta Burkina Faso an fara irin wannan da dawa a 1960, sakamakon ya zo iri ɗaya: takin zamani shi kaɗai ya ɗaga amfani da farko, daga baya ya yi ta sauka, haɗin takin zamani da na gargajiya ne ya dore.

Sai batun sabo. Gona ba ta kamuwa da jarabar taki. Abin da ke faruwa shi ne, da taki kana kwashe amfani ninki biyu ko uku, kuma kowane buhun masara yana fita da fotashiyam da salfa da zinki waɗanda yuriya ba ta mayarwa. Sannan mu kwashe kara mu yi danni da makamashi, harawa ta tafi kasuwa, abin da ya rage dabbobi su kiwace ko a cinna masa wuta. Halittun ƙasa suna wuni babu abinci tun daga kaka har saukar ruwa. Ƙasar yankinmu dama sau da yawa sinadarin ruɓaɓɓen abu a cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ga saura da ake barin gona ta huta a da, yanzu babu filin yin haka. Ranar da ka janye taki daga irin wannan gona, babu wanda ya rage a ƙasa da zai ciyar da shuka, sai a ce taki ya kashe ta. Mu tuna kuma cewa a taron taki na Abuja a 2006, matsakaicin abin da manomin Afirka ke sawa a lokacin kilo 8 ne kacal a hekta, aka sa burin kaiwa 50. Inda nake ganin an wuce gona da iri shi ne wasu lambunan rani na tumatir da albasa da barkono, inda ake watsa yuriya kusan duk bayan ban ruwa. A gonar damina ta talaka, ƙaranci da rashin daidaito ne matsalar.

Ga abin da zan yi in ni ne kai. Masara ka ba ta kamfa a cikin mako biyun farko, yuriya kuma a mako na huɗu zuwa na shida, lokacin da saiwa ta bazu tana iya kamawa. Ka tona ɗan rami kamar tsawon yatsa daga gindin shuka, ka zuba, ka rufe, a ƙasa mai danshi. Yuriyar da aka watsa a sama cikin zafin rana, wani kaso nata yana tashi iska, warin nan mai hawa hanci da kake ji shi ne kuɗinka ke tafiya. In kuma ta taɓa iri ko ƙaramar saiwa tana ƙone su. Kowace shekara ka kai wa gonar takin gargajiya gwargwadon hali, kashin awaki da tumaki, na kaji, sharar gida da aka tsince leda daga ciki, da toka, wadda ke rage tsami. Manoman kewayen Kano sun yi ɗaruruwan shekaru suna noma gona ɗaya ba hutu da mangalar taki a bayan jaki. In abin da za ka samu kaɗan ne, kada ka baza shi ko'ina, zuba shi a ramin shuka ko cikin kunya. Ka bari ya ruɓe tukuna, domin ɗanyen kara ko buntun shinkafa in aka binne su daf da shuka, halittun da ke cin su sukan ari naitirojin ɗin ƙasa na ɗan lokaci, tsiro ya yi rawaya.

Garin bakteriya na waken suya, in za ka saya, ka tuna mai rai ne. Ka duba ranar ƙarewarsa, kada ka karɓi wanda ya wuni a rana a kan tebur, ka cuɗa iri a inuwa, ka shuka a ranar.

Gonar dawa kuwa ba sai ka jira kuɗin buhu huɗu ba. A tashar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, André Bationo da abokan aikinsa sun nuna cewa giram 6 na kamfa a kowane rami, kimanin cikin murfin kwalbar lemo, yana ɗaga gero da dawa sosai a gajiyayyiyar ƙasa. Ɗan wannan yana isa ya tayar da tsiro da ƙarfi ya rage kukan yunwar da ke farkar da wuta-wuta, kuma bai kai yawan da zai kori maikoraiza ba. Ka sa shi a gefen iri, ƙasa ta shiga tsakaninsu, ka haɗa da tafi ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Amma bana, in da hali, ka hutar da gonar daga dawa, ka shuka mata waken suya ko gyaɗa da sufa. Saiwarsu tana fitar da kiran da ke tayar da irin wuta-wutar dawa, amma in ya tsiro ba ya iya kama su, sai ya mutu, kuma za su bar maka ɗan naitirojin a saiwa da ganyen da ya zuba. Shekara ɗaya ba ta ƙarar da irin da ya taru, sai an yi ta juyawa. Duk wuta-wutar da ta fito a shekarar dawa, a tuge ta kafin furenta ya zama iri, a fitar da ita daga gonar a ƙone, kada a yar da ita a kan kunya.